Ɗaya Gefen Kaset ɗin Inna

Lewisham, Landan
3 ga Oktoba, 2024

Yaya Abdul-Salam,

"Murja, ki kwantar da hankalinki. Kafin azumi ya kama, kaset ɗin nan yana hannunki, ko da ni zan kawo miki shi da ƙafata."

Kai ka faɗi haka ranar sadakar arba'in ɗin Inna, a bakin ƙofar ɗakinta. Azumi biyu sun wuce. Ban ga kaset ba, ban ga ƙafarka ba.

To, bayan gaisuwa mai yawa, tun da an koya mana gaisuwa. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da jikoki. Na ji gwiwa ta matsa maka, Allah Ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sanyi ya fara leƙowa. 'Yata A'isha tana gaishe ka da Turanci, kamar kullum. Na rubuto a takarda ne saboda takarda ba ta da matsalar network, kuma na san tsohon hedimasta ba ya iya ganin ambulan ya ƙi buɗewa.

Zan ɗauko zancen daga tushe, yadda kake sa ɗalibanka su yi, don kada ka ce ba ka gane wane kaset ba.

A shekarar 1978 Yaya Zulkiflu yana nan Landan, gwamnati ta turo shi koyon awon ƙasa. Inna ba ta iya rubutu ba, sai ka zo da rikodarka ka zaunar da ita a tsakar gida ta yi masa saƙo. Ina da shekara tara, ina zaune a gefen tabarma. Rabin awa tana magana ba ta ambaci sunansa ba, domin ɗan fari ne, kuma Inna ba ta wasa da kunyar ɗan fari. "Ka gaya wa wancan na Ingila ya riƙa sa rigar sanyi." Haka ta yi ta yi, sai ka ce maƙwabci take aika wa sallahu. Da ta zaci an gama, ta yi shiru, kaza ta yi kuka a bayan madafi, sannan ta ce a hankali, "Zulkiflu. Allah Ya dawo min da kai." Rikoda ba ta tsaya ba.

Shi kuwa a lokacin ya riga ya watsar da awon ƙasa, ya shiga cikin samarin nan masu kiɗan punk, kiɗan ihu da jita da yagaggun riguna. Su huɗu, ya raɗa wa ƙungiyar suna Tsatsa. Faifai ɗaya suka taɓa yi, mai jan bango, guda ɗari huɗu. Gefe na biyu da muryar Inna yake farawa: rigar sanyi, shirun, kazar, sunan, sannan ganga ta fashe.

Sauran ka fi ni sani. Faifan ya iso Jos ana jibi Sallah. Baba ya tara ƙannensa a falo ya ɗora a garmaho, yana zaton wani abin alfahari ne. Inna ta ji kanta tana kiran sunan ɗanta na fari a gaban surukanta, da hayaniyar Turawa a kai. Kwana uku ba ta fito ɗaki ba. Baba ya karya faifan a gwiwarsa, ya rubuta wa Yaya wasiƙar da ta rufe masa ƙofa. Da ciwon huhu ya kashe shi a ɗakin haya a Tottenham a farkon 1984, aka aiko akwatinsa, Baba ya ce ba a gidansa ba. Kai ka ɗauka. Kaset ɗin yana ciki, kai ka gaya min da bakinka.

Daga ranar garmahon nan Inna ba ta ƙara yarda an ɗauki muryarta ba. Ko a waya sai ta tambaye ni, "Ba ɗauka kike yi ba ko?" Abin da ya rage min na muryar uwata a duniya bai kai minti ɗaya ba, kuma a faifan wasu yake. A akwatinka akwai rabin awa.

Wani a nan mai gyaran tsofaffin kaset ya ce zaren da ya kai wannan shekaru yana mutuwa a zafi, ya manne, ya zama gari. Ba ni da wata shekarar da zan ba ka. Ka aiko.

Taubashiyarka,
Murja

*

Jos
29 ga Oktoba, 2024

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da A'isha. Mu nan muna godiya ga Allah. Gwiwa tana nan, likita ya hana ni hawa matakala, sallah ma a kujera nake yi. Hajiya ta ce a gaya miki ta ga hotonki a wurin aiki, kin rame, ki rage karatun littattafan mutane ki ci abinci.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Da ɗalibata ce ke, da na ba ki maki mai kyau a tsara labari, na rage miki a ladabi. Amma taubasantaka ta ba ki dama, ba zan yi ƙara ba.

Alkawari kaya ne, na sani, kuma ban sauke ba. Kaset ɗin yana nan. Na naɗe shi a ƙyalle, yana cikin kabad a ɗakin da rana ba ta shiga. Kada ki ji tsoron zafi, Jos ce.

Sai dai, Murja, na yi miki alkawarin nan ne a ranar da zuciyata ta yi laushi, ban yi tunani ba. Abin da ke cikin kaset ɗin nan ba abin da ya kamata ki ji ba ne. Ba kowane abu da aka bari a baya ne alheri a tono shi ba. Innarku, Gwaggo Katumi, ta tafi, Zulkiflu ya tafi, abin da suke bukata daga gare mu addu'a ce. Ki bar shi inda yake, don Allah.

Ina kuma tambaya, ba don neman faɗa ba. Mutanen nan da na ji kina zama da su, masu son faifan, su wane ne? Me suke nema a wurin mamaci shekara arba'in?

Naki,
Abdul-Salam

*

Lewisham
10 ga Nuwamba, 2024

Malam Abdul-Salam,

Gaisuwa. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Ka ce wa Hajiya ina cin abinci, ramar gado ce.

"Ba abin da ya kamata ki ji ba ne." Shekarata hamsin da biyar. Shekara ashirin da shida ina aiki a laburaren council, na miƙa wa mutane littattafan da ko sunansu ba za ka iya faɗa a gaban Hajiya ba, kuma sama ba ta faɗo ba. Yau kai za ka zaɓa min abin da kunnena zai ji daga bakin uwata? Na gane karatun. Kiɗa haramun ne, muryar mace al'aura ce, Murja ta daɗe a Turai ta lalace. Kai da ka yi shekarunka na samartaka da rikoda a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa. Ina da hoton, kada ka sa in aika wa jikokinka.

Ka tambayi su wane ne. Zan gaya maka, ko ka ji kunya.

Da zan taho Landan a 1995, Inna ta ja ni gefe ta ce, "Idan kin je, ki duba min ko an sa wa wancan alama." Na yi wata biyu ina neman kabarin. Da na same shi, na tarar da wata Baturiya a tsugune tana cire ciyawa da hannu. Na ce mata wace ce ke, cikin fushi. Ta ce sunanta Sharon, ita ce mai gangar Tsatsa. Ita da abokansa ne suka nemo limamin da ya yi masa sallah, su suka sa alamar. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa duk wata. Daga danginsa na jini, ni ce ta farko da ta taka wurin.

Duk ƙarshen Janairu suna taruwa a ɗakin saman wata mashaya a Tottenham. A da sun kai ɗari biyu, yanzu idan sun yi sittin an gode. Da rana suke taruwa, domin kowa yana so ya kama bas kafin ƙugunsa ya ƙi. Direban tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai ritaya, malamar jinya, wani mai gyaran famfo da ya rasa haƙoran gaba, da Dung, mutumin garinmu, wanda suka yi aji ɗaya da Yaya kafin Yaya ya gudu daga awon ƙasa. Rabinsu shayi suke sha saboda magani. Suna gardama a kan wace waƙa ta fi, wa ya fara jin faifan, wa ya sayar da nasa a shekarun wahala yana nadama har yau. Gefen farko suna ihu suna buga tebur, abin dariya, tsofaffi da sanduna. Ni kiɗan bai taɓa yi min daɗi ba, kamar ana zubar da kwanuka daga bene.

Amma idan Sharon ta juya faifan ta ɗora allura, ɗakin yana mutuwa. Ba mai tari. Suna jiran kazar. Idan Inna ta kira sunan, leɓunansu suna motsi tare da ita. Mai gyaran famfon nan ya ce min uwarsa ta bar shi yana shekara shida, kuma duk lokacin da ya ji matar nan, sai ya ji kamar an taɓa kiran shi ma. Bai san Hausa ba. Bai san abin da kiran ya jawo ba. Abin da surukanta suka mayar abin kunya, waɗannan sun riƙe shi shekara arba'in da biyar kamar ƙwai.

Taron Janairu mai zuwa shi ne na ƙarshe. An sayar da mashayar, za a mayar da ita gidajen kwana, flat. Sharon kuma tana da ciwon daji, likitoci sun daina yi mata alkawari. Ta roƙe ni abu ɗaya: tana so ta ji abin da matar nan ta faɗa kafin rigar sanyi. Na ce mata ɗan'uwana mutumin kirki ne, zai aiko.

Kada ka mai da ni maƙaryaciya a gaban mai mutuwa saboda wa'azin da ka tsinta da tsufa.

Murja

*

Jos
8 ga Disamba, 2024

Murja,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na daɗe ban amsa ba domin na fara wasiƙar nan sau huɗu ina yagawa. Ki gaishe min da baiwar Allah Sharon, Allah Ya ba ta sauƙi, Ya saka mata.

Kin yi min mummunar fahimta, kuma da ma a ce fahimtarki ce gaskiya, da na fi samun barci. Ba wa'azi nake yi ba. Ba maganar Gwaggo nake hana ki ji ba. Kaset gefe biyu gare shi.

Na farko dai, rikodar ba mantuwa ta yi ba. Ina kallon zaren yana juyawa. Na ga bakin Gwaggo yana rawa, na san wani abu zai fito, na ɗauke yatsana daga maɓallin. Zulkiflu abokina ne tun muna cin ƙasa, kuma ya taɓa ce min bai san yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba. Na so in yi masa kyauta. Ranar garmaho ina falon, a bakin ƙofa. Baba ya tambaya wa ya ɗauki wannan, na ce ban lura rikodar ba ta tsaya ba.

Da akwatin ya zo gidana, na sa kaset ɗin in ji muryar Gwaggo. Ya ƙare, na juya shi. Zulkiflu ne. Ya ɗauka a Disambar 1983, yana tari tsakanin kalmomi, bai kai ga aikowa ba. Ya fara da, "Inna, wancan na Ingila ne." Ya ce ba don ya tozarta ta ya yi ba. Ya ce sau ɗaya tak ya ji sunansa daga bakinta, sai tsoro ya kama shi kada zaren ya tsinke, shi ya sa ya sa shi a inda ba zai goge ba, har wuri ɗari huɗu. Ya ce yana sa rigar sanyi. Ya roƙi gafara. Ya ce idan ta yafe, ba sai ta yi magana a rikoda ba, ta gaya wa Abdul-Salam kawai, shi zai isar.

Ban kai mata ba. Da farko na ce tana cikin makoki, a bari ta huce. Sannan na ce Baba yana raye, zai ƙone shi, kuma zai gane hannuna a ciki. Da Baba ya rasu, shekara goma sha biyar sun riga sun wuce, na rasa bakin da zan ce mata na riƙe wannan tsawon lokaci. Kullum jinkirin jiya shi yake hana ni yau. Duk Juma'a ina zuwa gaishe ta, ta ba ni fura, ta sa min albarka.

Saura wata biyu ta rasu, na je na same ta ita kaɗai. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Abdu, a kayan nan da aka kawo, wancan bai bar wata magana ba?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

Ta ce, "To. Allah Ya ji ƙansa."

Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Hajiya. Yanzu kin san abin da ke ciki, ba sai kin ji da kunnenki ba. Ina roƙonki ki bar min shi. Idan kika ji muryarsa yana ambaton sunana a matsayin wanda ya amince da shi, ba za ki ƙara iya kallona ba. Ki bar ni da kayana har in je in same su.

Abdul-Salam

*

Lewisham
16 ga Disamba, 2024

Abdul-Salam,

Ina lafiya. A'isha tana lafiya. Sharon tana asibiti tun Talata, amma ta ce ko a keken marasa lafiya sai ta je taron.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin cin abinci na wurin aiki, na koma na ci gaba da jera littattafai har aka tashi, ban san a wane layi na sa ko ɗaya ba. Na zarge ka da tsoron Allah fiye da kima. Na ba ka haƙuri, na yi maka zaton da ya fi ƙarfinka.

Abin da ka yi a 1978 na yafe maka, kai, na gode maka. Ba don yatsan nan da ka ɗauke ba, da ba ni da komai. Amma na zauna na ƙirga, Juma'a ta haura dubu biyu. Sau dubu biyu ka cire takalmi a ƙofar ɗakinta, ka sha furarta, saƙon ɗanta yana kabad ɗinka a naɗe a ƙyalle. Matar da ba ta iya faɗin sunansa ba ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta tambaye ka. Ka san abin da tambayar nan ta ci mata? Shekara talatin da tara tana haɗa ta.

Kuma amsar da yake jira tana nan tun tuni. Wadda ba ta yafe ba ba ta aika a duba mata alamar kabari. Duk hunturu sai ta ce min a waya in sa rigar sanyi, sau biyu take faɗa, kuma na san na biyun ba nawa ba ne. Kai kaɗai ne gadar da ke tsakaninsu, su duka biyun suka taka ka da yarda.

Yanzu kana so in bar maka kaset ɗin ya zama hukuncinka. A'a. Wannan ma wani jin daɗi ne, ka zauna kai kaɗai da baƙin cikinka kana shafa shi. Ba naka ba ne. Gefe ɗaya uwata ce, ɗaya gefen yayana ne, kai ɗan aike ne da bai isar ba. Ko zan iya kallonka bayan na ji, wannan matsalata ce, ba kai za ka warware min ita da ɓoyo ba.

Ga yadda za a yi. Dung yana tahowa Jos Kirsimeti, shi zai miƙa maka wannan takarda. Ranar Alhamis, tara ga Janairu, bayan la'asar, zai dawo ƙofar gidanka a hanyarsa ta zuwa Abuja. Ba sai kun yi hira ba, bai san komai ba. Ka sa kaset ɗin a hannunsa.

Idan ya iso, za a gyara shi. Gefen Inna zan kai wa Sharon da tsofaffin nan ranar ashirin da shida ga wata, in fassara musu kalma kalma, in gaya musu sunanta Katumi. Gefen Yaya kuwa ba na taro ba ne. Zan kira Iya Awabu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu Inna, in sa mata a waya, ta saurara a madadin yayarta, ta faɗi abin da ya ce a faɗa maka. Ni zan kai wa Yaya amsar bakin kabarinsa a Tottenham.

Idan Dung ya sauka hannu rabbana, na riga na yi booking ɗin jirgi. Zan iso Jos ranar goma sha biyar ga Fabrairu. Ba zan sauka a gidanka ba, ba zan sha ruwan gidanka ba. Zan tara dangi a ɗakin Iya Awabu, da Hajiya da 'ya'yanka, in karanta musu wasiƙarka daga sallama har sa hannu, sannan mu taho gaba ɗaya mu tsaya a gaban kabad ɗin.

Kafin azumi ya kama, kaset ɗin nan yana hannuna. Wannan karon ni na faɗa, kuma da ƙafata zan zo.

Murjanatu, 'yar Katumi, ƙanwar Zulkiflu